Bayan fyaɗe, ana samun maganin hana ɗaukar ciki a ɓangaren gaggawa na asibiti?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Daga Maraɗi nake. Ɗiyar ƙanwata ce wani ya yi wa fyaɗe shekaranjiya da dare. Dangi sun ce a rufa asiri, a jira babanta ya dawo daga Katsina. Ni ciki nake ji mata tsoro. In na kai ta asibiti za su ba ta maganin hana shi? Sai da takardar ƴan sanda? Kuma ba zubar da ciki ba ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka wa yarinyar nan, ke kuma ya biya ki. Ki kai ta yau, kada ki jira kowa. Baba zai iya dawowa jibi a yi shawara, amma maganin nan awoyi ake ƙirga masa.

Ƙwayar da aka fi samu ita ce levonorgestrel, miligiram 1.5, ana sha sau ɗaya. A farmasi za ki ji ana ce mata Norlevo ko Postinor. Ta fi aiki cikin awa 72 na farko, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ba da ita har awa 120, wato kwana 5, sai dai ƙarfinta na raguwa kullum. Akwai ulipristal, wadda ta fi ta riƙe ƙarfi a kwana na 4 da na 5. Wadda ta fi su duka ita ce robar mahaifa mai jan ƙarfe: in ƙwararriyar ungozoma ta sa ta cikin kwana 5, kariyarta ta haura kashi 99 cikin 100.

Batun zubar da ciki, na san shi ya fi tsaya miki a rai. Galibi ciki ba ya shiga a daren da abin ya faru. Maniyyi na iya zama da rai har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai ya fito. Aikin ƙwayar shi ne ta jinkirta fitowar ƙwan har maniyyin ya mutu. In kuwa ciki ya riga ya zauna, ba ta zubar da shi, ba ta kuma yi wa ɗan tayi lahani. Haka nan ba ta hana haihuwa nan gaba, duk da abin da ake faɗa a zauren biki.

Ki nufi babban asibitin jiha ko cibiyar kula da uwa da yaro. Da rana CSI, wato cibiyar kiwon lafiya ta unguwarku, ma ta isa. Ki nemi ungozomar da ke gadi, ki faɗi ranar da lokacin, ki ambaci maganin da bakinki. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗinke rauni a sallami yarinya ba a yi zancen ciki ba, don kunya ta hana dangi tambaya, ma'aikaci kuma aiki ya yi masa yawa. In aka ce babu, a rubuta miki ki saya a farmasin da ke gadi, ba wurin masu tallar magani a tire ba, inda rana ta gama gasa shi. Takardar ƴan sanda ta shari'a ce, ana iya kawo ta daga baya; bai kamata magani ya jira ta ba.

Akwai abin da ya fi wannan ƙurewar lokaci. Maganin kariya daga ƙwayar cutar sida dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi, kuma daga shekaranjiya da dare zuwa yau an ci kusan rabin lokacin ko fiye. Ki roƙi a haɗa mata da maganin cututtukan sanyi da allurar ciwon hanta nau'in B. Kayan da ta sa a daren, kada a wanke su, don shaida ne a shari'a.

Tana iya jin tashin zuciya ko ciwon kai. In ta yi amai cikin awa 2 da sha, a sake ba ta. In tana shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, ki faɗa, don suna rage ƙarfin ƙwayar. Al'adarta kuma in ta yi jinkiri fiye da kwana 7, ku koma a yi gwajin ciki.

A hanya kada ki matsa mata da tambaya, kada ki bari wani ya ɗora mata laifi. Ki shiga ɗakin duba da ita in ta so.