Tambaya da Amsa: Ƙwaron da ke manne wa ganyen lemu

Tambaya: Malam, wasu ƙuraje masu ruwan ƙasa sun manne a ganyen lemuna, ga ɗanko, ga kiyashi. Na yi feshi sau biyu, ko gezau. Mene ne wannan? Daga wani mai garka a Tahoua.

Amsa: Alhaji, ƙwaro ne mai tsotsar ruwan itace, wanda malaman gona ke kira kosheniy mai laushi. Babbar mace ka fesa, ita kuwa kakin bayanta na tare magani.

Kankare ɗaya da farce. In ta kumbura, tsawonta milimita 3 zuwa 4, uwa ce, a ƙarƙashinta kuma za ka tarar da ƙwai ko 'ya'ya kamar gari. 'Ya'yan rawaya ne, ba su kai milimita 1 ba, ƙafafunsu shida. Su ne ke yawo, kwana ɗaya ko biyu, kafin su kafa baki. Daga nan sai su baje fayau a gefen jijiyar ganye, har ka ɗauka tabo ne, suna saɓa suna kumbura. Wadda ta yi baƙi da 'yar huda a baya, ƙyale ta, ƙaramin zanzaro ya riga ya cinye ta.

Lokacin yawon nan ake feshi. Naɗa salatif a reshe, gefen ɗankon a waje, ka duba duk bayan kwana 3. Da ka ga ɗigo-ɗigon rawaya, dama sabulun ruwa mililita 15 a lita 1, ka jiƙa bayan ganye da yamma, don feshin rana na ƙone shi. Maimaita bayan mako guda. Kiyashin ma a hana su hawa, su ke korar zanzaron.