Mashayin jinin da ya shekara ɗari uku: me ya sa labarina ba ya ba da tsoro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarai a intanet, kuma na fara wani a kan mashayin jinin nan na adabin Turawa, wanda ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Na sa an haife shi a Turai wajen 1700, labarin ya gangaro har zamaninmu. Na kai babi na tara, amma masu karatu suna cewa kamar darasin tarihi suke karantawa, babu tsoro a ciki. Ina matsalar take? Daga wata marubuciya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Galibi wannan ciwon daga wuri ɗaya yake tasowa: an ba jarumi shekara ɗari uku kyauta, ba a sa ya biya ko anini ba. Sarki ya hau, sarki ya sauka, shi ko a jikinsa, don haka mai karatu ma ko a jikinsa. Tsoro yana shigowa ne idan kowane zamani ya zo masa da sabuwar hanyar tona masa asiri.

Kin taka sa'a da shekarar da kika zaɓa. A 1718 Ostiriya ta karɓi arewacin Sabiya daga hannun Daular Usmaniyya, sai jami'anta suka tarar da ƙauyawa suna tone kaburbura, suna soke gawa da turke, suna ƙonawa. A 1725 an yi wa gawar Petar Blagojević haka a ƙauyen Kisiljevo. A 1732 likitan soja Johann Flückinger ya rubuta rahoton wasu gawarwaki da aka tone a Medvedja, rahoton ya bazu a Turai, sai a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta hana wannan al'ada. Abin da mutanen suke gani alamun ruɓewa ne kawai: iska ta kumbura ciki har gawa ta yi kamar ta ƙoshi, ruwa ja yana fita ta baki, fata ta janye sai farce ya yi kamar ya ƙara tsawo. Jaruminki yana tsakanin shekara 25 da 32 a daidai wannan lokacin. Ki mayar da shi abin da ya zama a can, a ƙauyen da maƙwabtansa suka riga suka san yadda ake fiƙe turke. Ki kuma fayyace tun babin farko cewa gawa ce ta ƙi kwanciya, in ba haka ba Bahaushe zai ɗauka maye ne, shi kuwa maye rayayye ne, kurwa yake kamawa.

Daga nan sai dokoki. Ki rubuta su a takarda guda, kada su wuce biyar, kuma kada ki sauya su a tsakiyar labari don kin shiga matsi. Babbar cikinsu ita ce rana. A littafin Dracula na Bram Stoker, na 1897, yana fita da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Mutuwa da hasken rana fim ɗin Nosferatu na 1922 ne ya yayata ta. In kin zaɓi rana ta zama ajalinsa, to ki yi lissafin dare. A Kano bambancin daren sanyi da na zafi bai kai awa biyu ba, amma a Landan daren watan Yuni bai cika awa takwas ba, na Disamba kuwa ya kai kusan goma sha shida. Ke nan a watan Yuni fursuna ne, kuma duk tafiyar da ta wuce dare ɗaya a keken doki sai a cikin akwati, a hannun bawan da zai iya cin amanarsa. Shi Dracula ma da akwatunan ƙasa 50 ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, kuma ta bin sawun akwatunan aka ci galabarsa.

Yanzu lissafin da yawancin marubuta ke tsallakewa. Fuskar da ba ta sauyawa za ta iya zama a unguwa ɗaya shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin a fara ƙus-ƙus. A shekara ɗari uku, suna goma sha biyar zuwa ashirin ke nan zai ɗauka. Ki buɗe jadawali mai layi biyar: shekara, gari, sunan da yake amsawa, abin da yake ci da shi, da dalilin gudunsa. Kowane gudu ki tambayi kanki yadda dukiya ta bi shi. Dabarar da aka saba ita ce ya shirya mutuwar ƙarya, bayan wasu shekaru ya dawo a matsayin ɗan ɗan'uwa mai gado. A ƙarni na 18 wannan mai sauƙi ne, limamin coci ɗaya za a saya. Amma Faransa ta mayar da rajistar haihuwa da mutuwa hannun hukuma a 1792, Ingila a 1837, hoto ya bayyana a 1839, fasfo mai hoto ya zama dole a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kowace daga cikin waɗannan shekarun babi ce da kanta, domin raga ce ke ƙara tsukewa a wuyansa.

Sai cinsa. Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita biyar, zubar lita biyu kan iya kai mutum lahira. In yana kashe mutum ɗaya a mako, gawa 52 ke nan a shekara. Ƙauye mai mutum ɗari uku ba zai ɓoye wannan ba ko na damina ɗaya. Dole ya bi inda mutuwa ta yi araha: annobar birnin Marsai na Faransa ta 1720 ta wuce shi yana mutum, amma kwalarar Faris ta 1832 da cutar shawara ta New Orleans a Amurka ta 1853 suna gabansa. Nan ne tarihi ya daina zama ado, domin abin da ke sa gari kuka shi ne lokacin girbinsa. Ki bar mai karatu ya ga yana murna da annoba, ya kuma ga ya san abin da murnar ta mayar da shi.

Kada ki bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya. Zamani uku sun isa, a tsaya a kowanne a yi zurfi, sauran su fito ta bakin takardu. Tun daga littafin Horace Walpole na 1764 da ya buɗe salon labaran ban tsoro da ake kira Gotik, kayan aikinsa ba su sauya sosai ba: tsohon gida, sirrin zuriya, abin da aka binne ya ƙi binnuwa. Dubi yadda Sheridan Le Fanu ya yi a Carmilla, na 1872. An goge wani tsohon zanen hoto, sai ga fuskar baƙuwar da ke kwana a gidan, a jikinsa an rubuta 1698. Bai ba da labarin shekarun da ke tsakani ba, zane ɗaya ya ɗauke masa nauyin. Ke ma ki sami abu guda, wasiƙa ko littafin bashi ko sa hannu mai kama ɗaya a takardun gado uku, ki sa wani rayayye mai naci ya riƙa haɗa su.

Kurakuran da ke kashe irin wannan labari sanannu ne. Na farko, a sa jarumi ya gaisa da duk wani shahararre, yau yana fadar Napoleon, gobe yana shan shayi da Sarauniya Biktoriya. Mai ɓuya ba ya zuwa inda ake rubuta sunan baƙi. Na biyu, kayan da ba na zamaninsu ba. Ba a gano rukunonin jini ba sai 1901, shi ya sa a Dracula maza huɗu suka ba Lucy, budurwar da ya sha jininta, jini ba tare da gwaji ba, likitan ƙarni na 19 a labarinki ma haka zai yi. Kwanan wata ma tarko ne: a Ingila, ranar 2 ga Satumba 1752, washegarinta 14 ce, Rasha kuwa ba ta sauya kalanda ba sai 1918, don haka wasiƙa tsakanin ƙasashe biyu tana iya ɗaukar kwanan da ya saɓa da fiye da kwana goma.

Mafi muni shi ne a ba mutumin 1700 tunanin ɗan jami'ar yau. Wanda ya tashi yana ganin ana rataye ɓarawo a bainar jama'a, yana tsoron wuta da hisabi da gaske, ba zai zubar da wannan don ya sa kwat ba. Ki bar masa tsohuwar addu'ar da yake farawa ya kasa ƙarasawa, da karin harshen ƙauyen da babu sauran mai yin sa. Ki kuma yanke shawarar abin da ya manta. Mutumin da ya tuna farashin doki a 1740 amma fuskar mahaifiyarsa ta ɓace masa ya fi ban tausayi da ban tsoro a kan wanda ya haddace komai.

Babi taran nan ba sai kin yar da su ba. Ki bi su da jan biro, duk sakin layin da ke bayanin yaƙi ko sarauta ki tambaya me ya raba jarumin da shi: gida, suna, bawa ko mace. In akwai amsa, ki mayar da bayanin ya zama abin da ya faru da shi a daren. In babu, ki cire, ki ajiye shekarar kawai a saman wasiƙa.