Re: Za a iya kama ni kan abin da na rubuta a Facebook?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yancin magana zai kare ka idan ka caccaki shugabanni. Sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka damar faɗar ra'ayinka, amma sashe na 45 ya bar wa gwamnati ƙofar taƙaita shi don kare haƙƙin wasu da zaman lafiya.

Idan ka ce ba a gyara hanyar garinku ba, wannan suka ce. Idan ka ce wane ɓarawo ne babu hujja, ka shiga ɓata suna. A 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala 20 da sharar harabar kotu kan ɓata sunan Ganduje, gwamnan Kano na lokacin. Ni dai hukuncin ya yi mini tsauri, amma fa an zartar.