Ƙaramar bindigar da ta fito daga adakar kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Daura nake. Muna rabon gadon kakanmu, tsohon soja da ya je Yaƙin Bama, sai muka tarar da wata 'yar bindiga a adakarsa, ba ta kai tafin hannu ba. An rubuta "Herstal Belgique" a jikinta, ga harufan FN a ƙota. Tsatsa ta ɗan taɓa ta. In na goge ta da samfefa, nawa za ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan tsoho. Kafin komai, kada ka taɓa kunamarta, kada ka bari yara su gan ta. Harsashin da ya shekara tamanin a ciki yana iya tashi.

Bisa kwatancenka, aikin kamfanin FN ne na garin Herstal a ƙasar Beljiyam. Iri biyu ne suka yi kama. Akwai ƙirar 1906, zanen Ba'amurke John Browning, wadda aka ƙera fiye da miliyan ɗaya, akwai kuma ƙanwarta da ake kira Baby Browning, wadda ta fito a 1931. Dukansu harsashi shida suke ci, mai faɗin milimita 6.35. Ta 1906 tana da wani ƙarfe a bayan ƙota da tafin hannu ke dannewa. Baby ba ta da shi. Ba bindigar fagen daga ba ce, ta aljihu ce, don haka na fi zaton saya ya yi ko kyautar wani hafsa ce.

Samfefa kuwa, a kul. Masu tara irin wannan kaya a Turai da Amurka ba ƙyalli suke saya ba. Baƙin launin da ta fito da shi daga masana'anta suke fara dubawa, ko da ya koɗe. Da zarar an kankare shi ko an sake rina ta, daraja ta zube. Sai lambobin jikinta, su tabbatar ba a haɗa ta da sassan wata ba, sai hatimin gwajin bindiga na birnin Liyej da ke Beljiyam, sai ƙota ta asali. In akwai kwalinta ko takardar da ta nuna wanda ya riƙe ta, nan kuɗi yake tashi. Ba tsufa kaɗai ke sa tsada ba: tun da an ƙera ta da yawa, mai tsatsa irin taku ba ta cika wuce 'yan ɗaruruwan daloli a gwanjonsu ba.

To, amma wancan farashin na can ne. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, har da tsofaffi masu ƙanƙara, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Ba a gadon lasisi. Ka nuna wa dillali a kasuwa, a irin yanayin da Katsina take ciki, ka sayo wa kanka da magada fitina.

Ku sami lauya, ya rubuta wa 'yan sanda, su zo su ɗauka da kansu, ku karɓi takardar shaida. A wasiƙar ku roƙi a duba ko za a miƙa ta gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina, da sunan kakanku a kai. Kafin nan ku ɗauke ta hoto a inda take, ku haɗa da lambobin yabonsa da takardar sallamarsa daga soja, in suna cikin adakar.