Yadda za ka haɗa jagorar zarto da kanka

Ɗan'uwa, ka ce ka buɗe ƴar warsha a Jidda amma zarton lantarki na kauce maka, yankan baya miƙewa. Ba sai ka sayi komai ba wallahi. Samu filawud mai kauri milimita 12, ka manna siririn falanki a kansa da gam da sukuru, gefen da kamfani ya yanka shi zai jagoranci zarton, sai ka bi jikinsa ka yanke rarar filawud ɗin, bakin nan shi ne layinka kullum. Kar ka yi da katakon gargajiya, laimar Jidda lanƙwasa shi take, ni ta ɓata min biyu. Ka duba kar sukuru ya hau hanyar ruwan zarto. Zarton tebur kam, je wajen tsohon kafinta ya nuna maka, yatsa ba wasa ba.