Amsa ga 'yar'uwarmu ta Garwa da aka cinye wa kuɗin adashi

Sannu 'yar'uwa. Kin ce uwar adashinku, wadda kuke zumuntar mata ɗaya, ta cinye kwasarki ta jaka 300, wata huɗu ke nan tana miki yau da gobe, kina kuma tambaya ko zunubi ne da kika kasa gafarta mata. Na san ciwon nan, shi ya sa na kasa wucewa.

Ranar Lahadi ce ta fi wuya. Ki shiga majami'a ki tarar da ita a layin gaba, ta sha ankon zumunta, ita ce ma mai ba da waƙa. Ranar Jibin Ubangiji ta riga ki tashi, ta miƙa hannun da ya ƙirga zubinki ta karɓi gurasa. An tashi sujada ta tare ki a ƙofa da "Maman yara, ya gida?" ko kunya babu. Ke da aka cuta ke ce mai sunkuyar da kai. Irinsu sun san ba za ki ɗaga murya a ɗakin Allah ba, da wannan suke cin kasuwarsu. Buɗe Zabura 55:12-14, Dauda ma da abokin da suke zuwa sujada tare yake kuka. Kada ki tsallake aya ta 15, ki ga irin fushin da ya kai gaban Allah bai ɓoye ba.

Ki bi Matiyu 18:15-17 daki-daki. Amma kafin nan tara shaida: littafin zubi, da saƙonnin tura kuɗi ta waya na Orange Money ko MoMo masu kwanan wata, ki ɗauki hotonsu ki ajiye a wata wayar. Sannan ki same ta a gida ke kaɗai, ba a ƙofar majami'a ba, ba kuma a WhatsApp na zumunta ba, don in kika fara can za a bar maganar kuɗi a koma ta tonon asiri. Kada ki tambaye ta dalili, labari za ki sha. Nawa za ta biya, kuma yaushe, shi ke nan.

In ta ƙi, ki koma da mutum ɗaya ko biyu, 'yar adashin da dattijo guda, ban da danginki. A nan ake yawan faɗuwa: ta fashe da kuka, a yi addu'a, a watse ba a sa rana ba. A rubuta takarda, da cikakken sunanta, lambar katin shaidarta, adadin kuɗin da lamba da kalmomi, da ranar kowane biya. Jaka 25 a wata, wata 12, ya fi alkawarin biya gaba ɗaya bayan kaka. Kowa ya sa hannu, a kai komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a manna tambur a buga hatimi. Sai in hakan ya ci tura za ki kai gaban dattawan ikkilisiya, in akwai ɗan'uwanta a cikinsu ki roƙa ya janye. Masu ce miki ki bar wa Allah za su jawo 1 Korintiyawa 6, amma aya ta 5 ikkilisiya take tuhuma da rashin mai hikimar da zai raba gardama. In dattawan sun ƙi zama, jauro ko lawan na nan.

Gafara kuwa daban take da mayar da amana. Yusufu ya kai shekara 22 rabonsa da 'yan'uwansa, duk da haka sai da ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu (Farawa 44) kafin ya bayyana musu kansa. Zakka mai karɓar haraji ma da ya tuba, ninki huɗu ya ce zai mayar. Naki shi ne ki bar ramuwa ga Ubangiji kamar yadda Romawa 12:19 ta ce, ki riƙa ambatar sunanta a addu'a ko da layi ɗaya ne, ko bakinki na ɗaci. Gafarar za ta ɗauki watanni, wata rana ma ciwon zai dawo sabo, wannan ba ja da baya ba ne.

Af, in mai gidanki bai sani ba, gaya masa yau kafin ya ji a waje. In kuma za ki sake shiga adashi, a riƙa zubi da kwasa rana ɗaya a gaban kowa, kada kuɗi su kwana a hannun mutum guda.