Likita, ɗana ya haɗiye cingam: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wannan karon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan cingam ne, musamman haɗiye shi, toh bari mu bi su yadda suka zo.

Salam likita ya aiki. Ɗana ɗan shekara 6 ya haɗiye cingam jiya da yamma, mu kuma tun muna yara ake ce mana in ka haɗiye sai ya shekara 7 a ciki, wai har naɗe hanji yake yi. Wallahi jiya ban yi barcin kirki ba. In ba shi maganin wankin ciki ne ko in kai shi asibiti?

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kar ki ba shi wani magani, indai yaron yana wasansa yana cin abinci ba amai ba ciwon ciki ba sai kin je asibiti ba. Cingam ɗin nan zai fito ta bayan gida cikin kwana 1 zuwa 3, wani lokacin ya ɗan wuce haka, kuma da wuya ma ki gan shi.

Maganar shekara 7 ɗin nan ba mu kaɗai muka ji ta ba, har a Amurka da Ingila haka iyaye ke tsorata yara da ita, amma ba ta da tushe ko kaɗan. Abin da ya sa ta samu karɓuwa shi ne akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, wato ciki ba ya iya narkar da danƙon cingam, wannan haka yake. Sai dai rashin narkewa daban, rashin fita daban. Kullum muna haɗiyar abubuwan da ciki ba ya narkarwa, fatar ƙwayar masara, 'ya'yan tumatir, zaren ganye, duk haka suke wucewa su fita abinsu.

Ga yadda tafiyar take. Tun a baki miyau ya riga ya wanke sukari da ɗanɗanon, shi ya sa bayan ɗan lokaci cingam yake zama salam. Abin da ya rage shi ne danƙon, in aka haɗiye sai ya bi maƙogwaron abinci cikin 'yan daƙiƙu ya faɗa tumbi, a can asid da sinadaran narkar da abinci su yi iya yinsu a kansa su gaza, toh amma tumbi ba ajiye kaya yake ba, yana da ƙofa ta ƙasa wadda take buɗewa ƙaramin hanji. Lokacin da ake narkar da abinci ƙofar tana tsukewa, sai abin da ya niƙu take bari ya wuce, amma da tumbi ya zama wayam tsakanin cin abinci da cin abinci akwai wata matsa mai ƙarfi da take tasowa kusan duk bayan minti 90 zuwa awa 2, kamar mai shara ta biyo bayan taro, ta tattara duk abin da ya ƙi narkewa ta tura shi gaba. Wannan ƙugin da kike ji cikinki yana yi in kina jin yunwa, sau da yawa aikin kenan. Daga nan sai ƙaramin hanji mai tsawon wajen mita 6, sai babban hanji wajen mita ɗaya da rabi, shikenan sai waje.

Batun mannewa kuma, ki lura da kanki. Cingam yana kama gashi, yana kama tafin takalmi da ƙasan benci, amma kin taɓa jin ya manne a harshenki ko cikin kumatu? Ba ya kama wuri mai danshi da santsi, hanji kuwa tun daga sama har ƙasa lulluɓe yake da majina mai yauƙi kuma kullum cikin motsi yake. Maganin wankin ciki da kike tunanin ba shi ma shi ne zai iya jawo masa murɗawar ciki da gudawa a banza.

Dakta ni ɗalibi ne, wani abokina ya ce wai cingam roba ce zalla muke taunawa. Da gaske ne?

Abokinka bai yi ƙarya sosai ba. A da can danƙon wata bishiya ake amfani da shi, wadda take fitowa a Meziko da Amurka ta Tsakiya, mutanen Maya sun daɗe suna taunarsa kafin wani Ba'amurke Thomas Adams ya fara sarrafa shi yana sayarwa a New York wajen shekarun 1870. Bayan yaƙin duniya na biyu ne kamfanoni suka koma danƙon da ake haɗawa a masana'anta, kuma eh, wani daga ciki dangin robar tiyub ɗin taya ne, wani dangin farin gam ɗin kafintoci, sai dai wanda aka tace aka amince a sa a baki. A kai ake ƙara kakin zuma ko makamancinsa, da abin laushi, da zaƙi da ƙamshi. Jikin ɗan'adam ba shi da sinadarin da zai farfasa irin wannan danƙo, hanji kuma ba ya tsotsarsa zuwa jini, yadda ya shiga haka yake fita.

Likita barka da ƙoƙari. 'Yata shekararta 3, kullum sai yayyenta sun ba ta cingam kuma ba ta tofarwa, haɗiyewa take, a rana sai ta sha huɗu biyar. Ga shi dama tana fama da taurin bayan gida, sai ta kwana uku ba ta yi ba, in za ta yi sai da kuka. Akwai matsala?

Yauwa Malam, taka ce tambayar da ta fi damuna a duk cikinsu. A nan kam akwai abin dubawa, kuma shawarata a daina ba ta cingam daga yau, a kuma ja kunnen yayyen.

Guda ɗaya da aka haɗiye bisa kuskure ba komai ba ne. Amma yaro ƙarami mai siririn hanji, yana haɗiyar da yawa kullum, ga bayan gida ba ya tafiya, toh a nan ne danƙon yake samun lokacin haɗuwa da juna da busasshen kashi ya dunƙule ya zama curi guda, har ya iya toshe hanya. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma an gani. A 1998 wasu likitocin yara a Florida ta Amurka sun wallafa labarin yara uku a mujallar Pediatrics. Biyu 'yan wajen shekara huɗu da rabi ne masu daɗaɗɗen taurin bayan gida, an saba ba su cingam kullum suna haɗiyewa, sai da aka sa musu maganin barci aka zaƙulo dunƙulen ta dubura, yana jawuwa yana miƙewa. Ta ukun 'yar shekara ɗaya da rabi ce, ita cingam ne ya haɗe da tsabar kuɗi na ƙarfe guda 4 suka tsaya mata a maƙogwaron abinci. Ka ga yaron da ke haɗiyar cingam galibi ba cingam kaɗai yake haɗiya ba.

Alamun da in ka gani ba jira sai asibiti: ciki ya kumbura ya yi tauri, ciwon ciki mai tsanani da ke zuwa yana lafawa, amai a kai a kai musamman in ya zama kore, ba kashi ba tusa, ko kuma miyau yana ta dalala ta kasa haɗiyar ko ruwa. Ko babu waɗannan ma ka kai ta a duba taurin bayan gidan nan, don kwana uku da kuka ga 'yar shekara 3 abu ne da ake magancewa, in aka bar shi yaro yakan fara riƙe kashi saboda tsoron zafi abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Sannan ni abin da ya fi ba ni tsoro ga ƙananan yara ba hanji ba ne, hanyar numfashi ce. Yaro yana gudu yana dariya da cingam a baki, ko ya yi barci da shi, sai ya zarce maƙoshin iska ya shaƙe shi. Shi ya sa ba a so a ba yaron da bai kai shekara 5 ba, ko wanda bai gane a tauna a tofar ba. In yaro ya ƙware yana tari da ƙarfi ka bar shi ya yi tarin. In kuwa ya kasa tari ya kasa kuka, ka sunkuyar da shi ka buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, in bai fito ba ka tsaya ta bayansa ka matsa cikinsa sama da cibiya ciki da sama sau 5 (wannan matsar ga wanda ya wuce shekara 1 ne, ba a yi wa jariri), kana yi ana neman taimako. Kar ka cusa yatsa kana lalube a makance, tura shi ciki za ka yi.

Tunda muna kan haɗiye-haɗiye bari in ƙara wannan: ƙaramin batir ɗin nan mai faɗi na agogo da rimot, da maganaɗisu in sun kai biyu, su ne abin gudu asibiti nan take ko yaro yana wasansa lafiya lau. Batir ɗin in ya tsaya a maƙogwaro cikin awa 2 zai iya fara ƙona nama.

Likita ina da ciki wata 5, ina taunar cingam saboda tashin zuciya da yawan miyau, shekaranjiya na haɗiye. Wata ta ce min wai zai manne a kan jariri.

Haba 'yar'uwa, ba hanya. Hanji daban mahaifa daban, babu wata ƙofa tsakaninsu. Abin da ke kaiwa ga jariri shi ne abin da ya narke ya shiga jininki ya bi ta mabiyiya, danƙon cingam kuwa ba ya shiga jini. Ki cigaba da taunarki daidai misali in yana rage miki tashin zuciya. Cingam mai nikotin na masu son daina sigari ne kawai ba za ki taɓa ba sai da shawarar likitanki. Allah ya raba lafiya.

Dakta ni bana haɗiyewa, amma ina cin marar sukari sosai don ina son rage ƙiba, fakiti ɗaya ko biyu a rana. Watannin nan cikina kullum a kumbure, ga iska ga gudawa, an yi gwajin kashi ba a ga komai ba. Ko yana da alaƙa?

Sosai ma kuwa Malama, ina zargin cingam ɗin. Ki juya takardar ki karanta, zakiga an rubuta sorbitol ko xylitol ko mannitol, su ne ake sawa a madadin sukari. Ko kin tofar da danƙon, su kam kin riga kin haɗiye su da miyau. Hanji ba ya tsotse su sosai, sai su zauna suna jawo ruwa zuwa cikin hanji, in sun isa babban hanji kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke can su hau kansu su fitar da iska. Gudawa da kumburi kenan. Ƙari a kan haka mai tauna duk yini yana haɗiyar iska bai sani ba, ga gyatsa.

A 2008 likitoci a Berlin ta Jamus sun ba da rahoton mutum biyu a mujallar BMJ, wata budurwa 'yar shekara 21 da ta yi ta gudawa har ta zube kilo 11, da wani magidanci da ya zube kilo 22, an yi ta gwaje-gwaje ba a gano komai ba sai da aka tambaye su abin da suke ci, ashe cingam ne da alewa masu sorbitol. Da suka daina gudawar ta tsaya. Ke ma ki ajiye shi gaba ɗaya na sati 2 ki gani. In bai canza ba, ko kina ganin jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko gudawar tana tada ki cikin dare, ki koma asibiti a faɗaɗa bincike. Kuma gaskiya cingam ba hanyar rage ƙiba ba ce, ɗan ɗauke hankali daga kwaɗayi kawai yake yi.

In akwai kare a gidan a ɓoye cingam mai xylitol, guba ne ga karnuka.

Ranka ya daɗe, haɗiyar cingam tana kawo afendis? Kuma taunarsa da yunwa yana kawo olsa?

Afendis yawanci toshewar bakinta ne da ɗan busasshen kashi ko kumburin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke wurin, cingam ba ya cikin abubuwan da muke lissafawa. Olsa kuma manyan dalilanta biyu ne, wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, sai yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Tauna tana ɗan motsa tumbi ya saki asid, don haka mai olsa zai iya jin cikinsa ya ɗan yi zafi in ya tauna da yunwa, amma ba ita ta haifar da gyambon ba. Masu ƙwannafi ma wasu sukan ji sauƙi in sun tauna bayan cin abinci saboda miyau yana wanke asid ɗin da ya taso, sai dai mai ɗanɗanon minti yakan tayar wa wasu.

Likita bayan an yi wa matata tiyatar haihuwa wata nas ta ce a sayo mata cingam, ni dai na saya amma ban gane ba.

Nas ɗin ta san aikinta Malam. Bayan tiyatar ciki hanji yakan yi sanyi ya daina motsi na ɗan lokaci, shi ya sa ake ta tambayar mara lafiya ko ta yi tusa. In tana tauna sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka abinci ne ke tafe ta aika wa hanji saƙo ya fara aiki, kuma bincike ya nuna hakan yana sa iska da bayan gida su dawo da ɗan wuri. Sai ta farfaɗo sarai daga maganin barci tukuna, tana zaune ba a kwance ba, ta tauna kamar minti 15 zuwa 30 sau uku a rana ko yadda suka tsara mata, in ta gama ta tofar a takarda.